Kwana Ɗaya a Gidan Ruwan Zafi na Ƙauyen Japan

 Sharhin na yau ya nufi ƙasar Japan, amma ba Tokyo mai dogayen benaye da jiragen ƙasa masu gudun tsiya ba. Can cikin duwatsun tsibirin Kyushu, a lardin Kumamoto, akwai wani ƙauye a cikin kwari da ake kira Kurokawa. Layin dogo bai kai can ba. Mai son zuwa daga birnin Fukuoka sai ya hau bas, ya sha tafiyar kusan awa uku a hanya mai kwana-kwana. Idan ya sauka zai tarar da masaukai kusan 30 a gaɓar wani ɗan rafi, yawancinsu na katako, tururi na tashi ta bayan rufinsu, ga wani ɗan wari-wari na farar wuta da ke shiga hanci tun daga tasha.

Irin wannan masauki Japanawa ke kira ryokan, ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa kuma onsen. Ba abin mamaki ba ne a same shi a nan, domin Kurokawa na maƙwabtaka da Dutsen Aso, ɗaya daga cikin duwatsu 111 masu aman wuta da hukumomin ƙasar ke ɗauka a matsayin rayayyu. Ruwan sama yana nutsewa cikin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi, ya kwashi gishiri da ma'adinai, ya dawo sama yana huci. A faɗin Japan akwai idon ruwan zafi sama da 27,000, da wuraren wanka masu masauki kusan 3,000. Har doka aka yi wa abin a 1948: ruwa ba ya cin sunan onsen sai in ya fito da zafin da ya kai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, ko kuwa yana ɗauke da isasshen ɗaya daga cikin wasu sinadarai 19 da aka lissafa. Da a Japan yake, ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, da tuni ya shiga rajista.

Ana fara karɓar baƙi da misalin ƙarfe uku na rana. Abu na farko da ke rabuwa da baƙo shi ne takalminsa. A bakin zaure akwai ɗan tudu na katako, a nan zai tuɓe, ma'aikaci ya ɗauke takalmin ya adana, watakila ba zai sake ganinsa ba sai gobe. Za a ba shi silifas na yawo a baranda, amma su ma a ƙofar ɗaki suke tsayawa, don ba a taka tabarmar tatami da komai sai ƙafa ko safa. A ƙofar bayi kuma akwai wasu silifas na daban. Babu baƙon da ya fi ba ma'aikata dariyar ciki kamar wanda ya manta ya shigo ɗakin cin abinci da silifas ɗin bayi a ƙafa.

Uwargidan masaukin, okami, takan fito cikin kimono ta rusuna ta yi maraba. Sau da yawa matar mai gidan ce, ko 'yarsa, ko surukarsa, kuma ita ce ke riƙe da ragamar hidimar baƙi. Daga nan sai ta haɗa baƙo da wata ma'aikaciya, nakai, wadda za ta kula da shi har ya tafi. Ɗakin da za a kai shi kusan wayam yake: gajeren tebur a tsakiya, matasan zama a ƙasa, ƙofofin takarda masu zamewa, da wani ɗan lungu da aka rataya rubutun hannu aka ajiye reshen fure guda. Ba a ɗora jaka a wannan lungu. Girman ɗaki ma da tabarma ake faɗinsa, a ce ɗaki mai takwas ko mai goma, kowace tabarma tsawonta kusan santimita 180, faɗinta rabin haka. Ciyawar da ake saƙa fuskar tabarmar, mafi yawan wadda ake nomawa a Japan daga Yatsushiro take fitowa, a wannan lardi na Kumamoto.

Gado kuwa babu.

Nakai za ta durƙusa, ta zuba koren shayi, ta ajiye ɗan alawar wake, wanda masu gidajen ke cewa yana hana jiri ya kwashi mutum a cikin ruwan zafi. Sannan ta yi tambayar da ke nuna wa baƙo inda ya zo: ƙarfe shida za a kawo abincin dare ko shida da rabi? Zaɓin ke nan, da wuya ya wuce bakwai. A otal na zamani mai kuɗi ne ke juya agogo, ya ci lokacin da ya ga dama, ya kwana har hantsi. A nan gidan ne ke da agogo, baƙo ya bi. Kuɗin ma ba na ɗaki ba ne, na kai ne, ya haɗa kwana ɗaya da abinci biyu, kuma a matsakaicin gida yakan kama daga yen 15,000 zuwa 30,000 ga mutum guda, ban da ɗan harajin wanka, galibi yen 150, da ke shiga asusun ƙaramar hukuma. Wanda ya makara har tara na dare ba tare da ya buga waya ba ya yi asarar abincin daren da ya biya, ya kuma ɓata wa mai girki rai.

A cikin kabad akwai yukata, doguwar rigar auduga mai ɗamara. Da ita ake zuwa wanka, da ita ake cin abinci, da ita ake barci, da ita ake fita yawon ƙauye da takalmin katako yana ƙwas-ƙwas a kan dutse. Shugaban kamfani da direban tasi duk kaya ɗaya. Ƙa'idarta guda ce mai ƙarfi: ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa, kuma nakai ba za ta bar baƙo ya fita a haka ba.

Sai wanka, wanda dominsa aka zo. Labule shuɗi na maza, ja na mata, amma a duba da kyau, don gidaje da yawa suna musanya ɓangarorin tsakanin dare da safe, kowa ya ɗanɗana duka biyun. A ɗakin farko mutum zai tuɓe ya zuba kayansa a kwando. A na biyu akwai jerin famfuna, kowanne da 'yar kujerar tsugunno da ɗan bokiti. A nan ake ainihin wanka, a zaune, don kada ruwa ya fantsama wa na kusa. A cuɗa da sabulu tun daga kai har tafin ƙafa, a ɗauraye har kumfa ta ƙare ƙaƙaf. Kwamin ruwan zafin ba wurin wanke dauɗa ba ne, mai tsabta ne kaɗai ke shigarsa. Kafin shiga ana kamfatar ruwan a zuba a ƙafa, a gwiwa, a kafaɗa, jiki ya saba, domin zafin yakan kai digiri 40 zuwa 42. Ɗan ƙaramin tawul ɗin da aka shigo da shi ba ya taɓa ruwan, shi ya sa ake ganin dattawa sun naɗe shi sun ɗora a ka. Mai dogon gashi ya ɗaure. Ba iyo, ba hayaniya, ba waya, ba hoto. Minti biyar ko goma a fito a huta a kan dutse, a koma. A kwamin waje, wanda Kurokawa ta yi suna da shi, mutum na nutse har wuya, dusar ƙanƙara na sauka a gashinsa idan hunturu ne, ƙarar rafi na ƙasa da shi, kuma ba wanda ke kallon wani.

A nan ne Musulmi mai sauraro zai ce a dakata, kuma yana da gaskiya. A kwamin jama'a tsirara ake shiga, maza da maza, mata da mata, har akwai tsirarun tsofaffin wurare da ake cakuɗa. Bajapane bai ɗauki wannan abin kunya ba, yana ganin tuɓe kaya tuɓe muƙami ne. Wanda addininsa ya wajabta masa suturce al'aura ba sai ya yi jayayya da al'adar mutane a gidansu ba, domin akwai mafita. Gidaje da dama suna da kwamin iyali da ake kullewa daga ciki, a kama shi na minti 45 ko awa ɗaya, wani wurin kyauta, wani wurin da ɗan ƙari. Akwai kuma ɗakuna masu kwaminsu a baranda, sai dai tsadarsu ta fi. Wannan mafitar ce masu zanen tawada a jiki su ma ke bi, saboda an daɗe ana danganta zanen da 'yan dabar yakuza. A binciken da hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta yi a 2015, fiye da rabin masaukan da suka amsa sun ce ba sa barin mai zane ya shiga kwamin jama'a.

Abincin dare ba a kwano ɗaya yake zuwa ba. Ƙananan kwanuka ne, goma ko fiye, suna biyo juna, kowanne loma biyu ko uku. Ganyen daji da aka tsinko a tsaunin bayan gida, kifin rafi da aka tsire a sanda aka barbaɗa masa gishiri aka gasa a bakin garwashi, awara, naman jan sa na makiyayar Aso a 'yar tukunyar da ke tafasa a gaban mutum, sai a rufe da shinkafa da romon miso. Abin da kakar ta kawo shi ake ci, don haka wanda ya zo da bazara da wanda ya zo da kaka ba su ci abu ɗaya ba. A Kumamoto kada a yi mamakin ganin ɗanyen naman doki an yanka shi siriri, abin alfaharin lardin ne. Naman alade yakan shiga romo, giyar shinkafa da zaƙaƙƙiyar 'yar'uwarta mirin kuma suna cikin miya da yawa ba tare da an gani ba. Mai girkin ya yi cefane bisa yawan kawunan da aka rubuta masa, saboda haka bayanin abin da mutum ba ya ci tun ranar kama ɗaki ake yinsa. Wasu gidajen za su sauya masa da kifi da ganye, wasu za su ce ba za su iya ba, kuma gara a ji hakan ta waya da a ji shi a gaban tire.

Kafin baƙo ya dawo ɗaki wani ya shiga, ya ture teburin gefe, ya shimfiɗa katifa a ƙasa da lallausan bargo. Da safe a sake wanka, a karya da shinkafa da gasasshen kifi da ƙwan da aka dafa a ruwan zafi, ƙarfe goma a fita. Takalmin na jira a zaure, an juya bakinsa yana kallon waje. Ba a miƙa wa ma'aikaci tukwici a hannu. Uwargida da 'yan aikinta za su tsaya a ƙofa suna rusunawa har mota ta sha kwana.

Asalin abin ba na masu hannu da shuni ba ne. Manoma ne, idan an gama girbin shinkafa, kan ɗauki buhunsu da tukunyarsu su tafi gidan ruwan zafi su yi mako biyu ko uku suna jinyar baya da sanyin ƙashi, suna girki da kansu. Har yau akwai gidaje a arewacin ƙasar, irin su Tamagawa a lardin Akita, masu ɓangaren da baƙo ke dafa abincinsa. Wasu gidajen kuwa shekarunsu sun wuce misali. Keiunkan, a lardin Yamanashi, an kafa shi a shekarar 705, shekarar da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya rasu a Dimashƙ, kuma a 2011 kundin Guinness ya amince shi ne otal mafi daɗewa a duniya. Ginin da ke wurin yanzu na zamani ne, ruwan da sunan ne tsofaffi. Zuriya ɗaya ta riƙe shi har magaji na 52. A 2017 aka rasa wanda zai karɓa a cikin dangi, aka miƙa shi ga wani daɗaɗɗen ma'aikacin gidan.

Abin da ya sami Keiunkan shi ne ciwon sana'ar baki ɗaya, kuma shi ma ya yi sa'a. A 1980 Japan na da ryokan sama da 80,000. Zuwa 2017 ba su kai 40,000 ba. Ƙauyuka suna tsufa, matasa suna gudu birni, 'ya'yan masu gida ba sa son gadon bashi da rufi mai yoyo. Aikin nakai kuwa mai cin rai ne: ta tashi da asuba ta kai karin kumallo, ta sallami baƙi, ta sami 'yan awoyin hutu da rana waɗanda ba su isa zuwa ko'ina ba, ta dawo ƙarfe uku ta yi ta hawa da sauka da tire har dare. Duk wannan ladabi da baƙo ke yabawa a kan gwiwoyin mata yake tsaye, da yawansu kuma sun manyanta. Shi ya sa yanzu gidaje da dama suka daina kai abinci ɗaki, wasu suka daina girkin dare ɗungurungum, wasu kuma ma'aikata daga Nepal da Biyetnam ne ke yi wa baƙo maraba cikin kimono.

Kurokawa ma ta taɓa leƙa wannan rami. Bayan buɗe babbar hanyar Yamanami a 1964 ta ɗan yi kasuwa, sai kasuwar ta watse, manyan motocin 'yan yawo suna wucewa zuwa garuruwa masu otal-otal na siminti. Gida ɗaya ne bai rasa baƙi ba, Shinmeikan, inda wani mai suna Tetsuya Goto ya sa guduma da kurfi ya fafe dutsen bayan gidansu da hannunsa, ya yi kogon wanka, ya kuma daddasa itatuwan daji a kewayen kwamin waje. Da farko maƙwabta kallon mai taurin kai suke yi masa. Da matasan da suka gaji gidaje suka ga inda baƙi ke tururuwa, sai suka je neman koyo, shi kuma bai ɓoye musu komai ba. Kowa ya shiga gina kwamin waje. Aka cire allunan talla masu ƙyalli, aka daidaita launin gine-gine, aka dasa itatuwa a bakin hanya yadda za a zaci da can ma daji ne.

Sai aka tarar akwai gidajen da ba su da filin yin kwamin waje. Maimakon a bar su a baya, a 1986 ƙungiyar masu masaukai ta fito da wata dabara: ɗan faifan katako da ake yankawa daga itacen yankin, a sa masa igiya a rataya a wuya. Wanda ya saye shi yana da izinin shiga kwamin waje na gidaje uku da ya zaɓa, ko ma a ina ya sauka. Ta haka baƙon ƙaramin gida ya sami abin da baƙon babban gida ke samu, titunan ƙauyen suka cika da mutane cikin yukata suna ratsawa daga wannan gida zuwa wancan, mai shayi da mai tsaraba su ma suka samu. Mutanen wurin sun ɗauki ƙauyen duka a matsayin masauki ɗaya, tituna barandarsa, gidajen kuma ɗakunansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙauyen da a da ba a damu da shi ba ya wayi gari cikin wuraren ruwan zafi da Japanawa suka fi so.

Ruwan kansa ba kullum yake yadda talla ta faɗa ba. A 2004 aka bankaɗo cewa a Shirahone, a lardin Nagano, wurin da ya shahara da ruwa fari kamar madara, ana zuba garin wanka na kanti a wasu kwamaye saboda launin ya dusashe. Abin ya girgiza ƙasar, aka bi sauran wurare da bincike, aka sami masu dafa ruwan famfo suna kiransa onsen. Daga 2005 doka ta tilasta wa kowane gida ya manna sanarwa: ko yana ƙara ruwan sanyi, ko yana ɗumamawa, ko yana tace ruwan ya maimaita shi, ko yana zuba magani. Masana harkar wannan takarda suke fara karantawa a ɗakin tuɓe kaya, kuma abin da suke nema shi ne ruwan da ke kwarara daga ido ya malala ya fice ba a dawo da shi ba. A 2023 ma an kama wani tsohon gida a lardin Fukuoka da sau biyu kacal yake sauya ruwan kwaminsa a shekara, aka sami ƙwayar cutar huhu a ciki ninki 3,700 na abin da doka ta yarda.

Masu tsaron idon ruwan kuwa, waɗanda baƙo ba ya gani, da ransu suke aiki. Su ke hawa tsauni su share bututun da ma'adinai suka toshe, su daidaita zafi ta hanyar rage ko ƙara kwarara. A watan Fabrairun 2025 aka tsinci gawarwakin ma'aikata uku a cikin dusar ƙanƙara a Takayu, lardin Fukushima, inda suka je duba idon ruwa, kuma ana kyautata zaton iskar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ta taru a rami ce ta kashe su. Ƙasar da ke ba da ruwan ita ce kuma ke girgiza: girgizar Kumamoto ta Afrilun 2016 ta kori baƙi daga Kurokawa na tsawon watanni, ta ranar 1 ga Janairun 2024 kuma ta rufe manyan gidajen ruwan zafi na Wakura a yankin Noto.

Baƙin waje sun zo da kuɗi, sun kuma zo da nasu ciwon kan. A 2024 kusan mutum miliyan 37 suka shiga Japan, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ginzan, ɗan ƙauyen lardin Yamagata mai benayen katako da fitilun gas, wanda ya fito a wasan talabijin na Oshin, ya cika ya batse da masu zuwa ɗaukar hoto su juya ba su kwana ba, har a ƙarshen 2024 aka taƙaita shigar masu yini da yamma a lokacin hunturu. A ra'ayin wannan sharhi mutanen Ginzan sun yi daidai. Mai hoto ba ya biyan albashin nakai, ba ya gyara rufi, wanda ya kwana ya ci abinci biyu shi ke riƙe da ƙauyen.

Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin da hanya ta kai shi Japan, idan aljihu zai ɗauki dare ɗaya, ya kama ɗaki tun da sauran makonni, ya kauce wa ƙarshen mako da hutun sabuwar shekara da na farkon watan Mayu, lokacin da farashi ke tashi. Ya rubuta musu ƙarara cewa ba ya cin alade kuma ba ya son giya ko a cikin miya, ya tambaya ko suna da kwamin da ake kullewa, ya riƙe tsabar kuɗi don ba kowane gidan ƙauye ke karɓar kati ba, ya kuma duba lokacin bas na ƙarshe domin ya isa kafin ƙarfe biyar na yamma.